Doguwar tafiya da yara a mota: a yi tun suna ƙanana ko a jira su girma? Tambayoyi da amsoshi

Magidanta da yawa suna da wannan buri a ransu: wata rana a cika mota da iyali, a kama hanya, a yi mako biyu ana zaga dangi da garuruwa. Sai dai kullum ɗage shi ake yi. Bari yaran su yi wayo, bari a gama gini, bari a canja mota, bari ƙasa ta lafa. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi idan aka ce musu ɗagewar ta isa haka. Misalan na hanyoyin da suka tashi daga Kano ne, amma lissafin ɗaya ne ga mai tashi daga Kaduna, Gombe ko Maraɗi.

Me zai hana a jira sai yaran sun yi hankali?

Domin kafin su yi hankalin, lokacinsu ya fita daga hannunka. Ɗauki gida mai yara uku da tazarar shekara biyu-biyu. Ranar da auta ya cika shekara 3, ya daina saka kunzugu, yana iya cin abin da kowa ke ci, babban yana da 7. Ranar da babban ya cika 12 kuma ya shiga ƙaramar sakandare, wataƙila ma ta kwana. Tsakanin nan da can shekara 5 ce kacal, wato dogon hutu biyar. Daga nan sai hutu ya fara rarrabuwa: wannan yana darasin share fagen jarrabawar aji uku, wancan yana hadda ba a son ya yanke, babban ya shiga layin JAMB da WAEC da NECO, waɗanda ke cinye watannin Afrilu zuwa Yuli. Kafin ka farga ɗaya yana jami'a, an fara zuwa tambayar auren ɗaya.

Akwai kuma lissafin da ba a son a faɗa da baki. Waɗanda za a kai wa ziyarar su ma ba tsaye suke suna jira ba. Kakar da yau take iya tashi ta tuƙa wa jikokinta tuwo, ta zauna da su a tsakar gida bayan isha'i tana yi musu tatsuniya, ba wanda ya ba ka tabbacin za ka same ta a haka nan da shekara takwas. A ganina wannan dalili shi kaɗai ya isa.

Yaron da bai kai shekara huɗu ba ai ba zai tuna komai ba. Ba asarar kuɗi ba ce?

Gaskiya ne, yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku ko huɗu. Amma tafiyar ba domin ƙwaƙwalwar yaron kaɗai ake yin ta ba. Kakarsa za ta tuna. Za ta tuna ranar da aka sauko da shi daga mota yana murza ido, ta ce, “A'a, maigidan nawa ne ya iso? Ina kuɗin cefanena?” shi kuma ya ɓuya bayan zanen uwarsa, bayan kwana biyu ya zama ba ya cin abinci sai a kwanonta. Yayyensa za su tuna, su riƙa ba shi labari har ya zama kamar da idonsa ya riƙe. Sannan yaron da ya saba kwana a gidan da ba nasu ba, ya saba gaida baƙin fuska, ya saba da ruwan randa da shimfiɗar tabarma, wannan sabon yana zama a jikinsa ko bai tuna inda ya samo shi ba.

Inda na yarda da mai wannan tambaya shi ne wajen kashe kuɗi a kan kallo. Kada a biya kuɗin shiga daji ganin giwa domin ɗan shekara biyu. Barci zai yi.

To wace shekara ce ta fi dacewa?

Daga 5 zuwa 11. A nan ne yaro yake tambaya har ya gajiyar da kai, kuma bai fara jin kunyar a gan shi tare da iyayensa ba. Jaririn da ke shan nono ma bai da wuyar tafiya, abincinsa yana tare da shi, amma a bari a yi arba'in, uwar ta warware, a kuma duba kada ranar rigakafinsa ta faɗo ana kan hanya. Masu wahalar su ne 'yan shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda suka koyi tafiya ba sa son zama. Da su a mota, kada a wuce awa biyu ba a tsaya ba.

Da wannan hali na tsaro, wane mai hankali ne zai ɗebi 'ya'yansa ya shiga hanya?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za a amsa ta da cika baki ba. Akwai hanyoyin da shekaru suka nuna ba na shiga da yara ba ne sai bisa larura: Kaduna zuwa Birnin Gwari, Funtuwa zuwa Gusau da cikin Zamfara, gabashin Sakkwato, ƙauyukan yammacin Katsina da ke bakin dajin Rugu. Wanda mahaifarsa take can ya fi kowa sanin wannan, kuma sau da yawa abin da ya fi shi ne a ɗauko tsofaffin a kawo su birni, ko a haɗu a gidan wani ɗan'uwa a garin da ke da kwanciyar hankali.

Amma Arewa ba hanya ɗaya ba ce. A kowace safiya motocin haya suna tashi daga Kano zuwa Dutse, Haɗeja, Azare, Bauchi, Gombe, Kazaure da Daura, cike da mata da yara, su je su dawo. Abin da ya kamata mai iyali ya koya daga direbobin nan shi ne tsarinsu. Labarin hanya a tasha yake, ba a Facebook ba. Kwana ɗaya kafin tashi, ka je tashar da motocin garin suke lodi, ka sami wani dattijon direba ko ɗan kamasho ka ce, “Malam, yaya hanyar Ningi kwanan nan? Da iyali zan bi.” Zai faɗa maka inda ramuka suke, inda gada ta karye, da wurin da ba a wucewa bayan la'asar. Ka kuma kira wanda za ka sauka a gidansa, shi ma ya tambaya ta can.

Sauran dokokin ba su da yawa, sai dai ba a karya su. Ana tashi bayan gari ya waye sarai, ba da duhun asuba ba. Ana shiga masauki kafin la'asar sakaliya. Ba a tsayawa a daji, ko da yaro yana kukan fitsari, shi ya sa ake ajiye fo a mota. Ba a sanar da duniya ranar tashi da hanyar da za a bi, hotuna kuma a bari sai an dawo gida a ɗora. Idan kana tafiya ka ga motoci sun daina zuwa daga ɗaya ɓangaren na tsawon lokaci, ka tsaya a gari na kusa ka tambaya. Idan kuma labari ya canja ana gobe tafiya, a fasa. Yara za su yi kuka, su gama.

Ina za a je? Ba mu da dangi a nesa.

Ga zagaye ɗaya da ya dace da kwana goma zuwa mako biyu. Daga Kano a bi Wudil, wadda kasuwarta ta shanu ke ci ranar Juma'a (idan ba ka son cunkoso, kauce wa ranar, idan kana son yara su ga abin da ake kira kasuwar kara, to ranar ce). A wuce Birnin Kudu, inda ake da zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Mutane da yawa sun shekara suna ratsa garin ba su san da su ba. Daga nan Ningi, sai Bauchi, tafiyar kusan kilomita 300 gaba ɗaya. Direban haya a zama ɗaya yake yin ta. Mai yara ya ba ta yini guda.

A Bauchi a kai su kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana bi ta wani siririn lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, ba ado, ba ƙyale-ƙyale, kuma akwai ɗakin da aka ajiye kayansa. Da safe a ci masar Bauchi, wadda ba sai an yi mata talla ba.

Sai Yankari. Ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai daga Bauchi zuwa sansanin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, dorina da kada, sai dai ganinsu sa'a ce, kuma kada a yi wa yara alkawarin zaki. Abin da ba ya saɓa alkawari shi ne ruwan Wikki: yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai gefe mai zurfi, don haka babba ya shiga tare da su. A kuma kula da gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su. Yaro ya fito da leda a hannu, kafin ya ce “Umma” an fizge, ɓarawon ya hau rufin ɗaki yana ɓare biskit ɗin yana kallonku. Ƙofar ɗaki da gilashin mota a rufe su ko da minti ɗaya za a yi. Kafin a tafi a tambayi halin da yankin Alƙaleri yake ciki a makon, kamar yadda za a tambayi kowace hanya.

Mai sauran kwanaki ya ƙara da Jos, kilomita 130 ko kusa da haka daga Bauchi ta Toro. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da mutum-mutumin yumɓu na Nok, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na zamanin haƙar kuza, da wani fili da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. A tafi da rigunan sanyi ko da a wane wata ne.

Wanda wannan ya yi masa yawa ya fara da Kazaure da Daura, a sha ruwan rijiyar Kusugu, a ba yara labarin Bayajidda da macijiya a bakin rijiyar kanta. Kwana uku sun isa, kuma gwaji ne mai kyau kafin doguwar.

Za a iya tsallakawa Nijar da yara?

Ana yi, kuma gidaje da yawa a Kano, Katsina da Jigawa rabin danginsu yana can. Daga Daura a bi Kwangwalam, a shiga ta Ɗan Barto, a wuce Matamai zuwa Damagaram. Garin shi ne hedikwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma fadar Sarkin Damagaram da lungunan unguwar Birni, da gidajensu masu zanen bango, sun isa a yi tattaki dominsu. Yara za su sha mamakin jin Hausa da wani irin karin harshe, ana lissafi da jaka da dala.

Sai dai iyakar ba ta zama lafiya lau ba a 'yan shekarun nan. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka kada ka dogara da abin da ka sani a dā. Ka je ofishin shige da fice ka tambayi takardar da ake karɓa yanzu, kowane yaro da tasa, a haɗa da takardar haihuwa da katin rigakafin shawara. Shiga da motar kanka yana da nasa takardun na kwastan da inshora, shi ya sa wasu ke barin motar a gidan ɗan'uwa a Daura su hau ta haya. Sefa kuma a canjo ta tun daga gida.

Wane lokaci ne na shekara ya fi?

Kowanne da aibinsa. Dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, shi ne mai yalwar kwanaki, ga gari kore shar, amma lokacin sauro ne da ambaliya, kuma ciyawa tana ɓoye namun daji. Hutun Disamba gajere ne, akwai hazo da mura da cunkoson motoci, amma ba laka, ba sauro sosai, dabbobin Yankari sun fara taruwa a bakin kogin Gaji. Hutun Afrilu shi ne lokacin da aka fi ganinsu, shi ne kuma lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga sanƙarau. Da ƙananan yara ni Disamba zan zaɓa. Ranakun jajiberin Salla kuwa a bar wa masu gaggawa hanya.

Da tsadar man nan, nawa za a tanada?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, kuma farashin ba ya zama wuri ɗaya, don haka a yi lissafi da lita, ba da naira ba. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, babba irin Sienna ta fi haka. Zagayen Kano, Bauchi, Yankari, Jos da dawowa ya ɗan haura kilomita 1,000, wato lita 80 zuwa 100 ko fiye. Ka ninka da farashin ranar, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu domin yawon cikin gari da na'urar sanyaya mota.

A nan ma ƙuruciyar yaran riba ce. Uku ƙanana suna kwana ɗaki ɗaya da iyayensu, kwano biyu ya ishe su. Idan suka zama samari da 'yan mata, ɗaki uku za ka kama, kuma kowa da cikinsa. A riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, a rarraba su wuri biyu ko uku, domin akwai garuruwan da sabis zai ɗauke, tiransifa ta maƙale, mai POS ya ce ba kuɗi. Kuɗin gyaran mota a ware su daban, kada a taɓa su ko da an ga kilishi mai kyau.

Me za a duba a jikin motar?

A kai ta wajen bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin a samu kwanakin gwada gyaran a cikin gari. Birki, lagireto, fanbel, baƙin mai, batir, fitilu, da abin share gilashi. Taya ita ce babbar magana. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar kwance mai kyawun fuska tana iya zama tsohuwa tukuf, kuma kwalta mai zafi ba ta yi mata uzuri. Safaya ta zama da iska, jak da sifana suna ciki, da abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Lasin da takardun mota su zama ba su ƙare ba. A shingen bincike a sauke gilashi, a yi sallama, “Sannunku da aiki, Yallaɓai,” a miƙa abin da aka tambaya. Lambar kiran hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa kuma 112. A koya wa babban yaro su, tare da lambar wani kawunsa.

Yara biyar ne, motar kuma mai cin mutum biyar ce. A ɗan matsa mana?

A'a. Kowa da kujerarsa da bel ɗinsa, yara a baya, kuma ba a rungume jariri a kujerar gaba, domin idan aka taka birki da ƙarfi ba hannun da zai iya riƙe shi. Kujerar jarirai ta mota ana samun ta kwance da sauƙin kuɗi. Idan kun fi ƙarfin motar, a ari babba, ko a haɗa tafiyar da gidan ƙani ko wa a yi mota biyu. Mota biyu ma ta fi kwanciyar hankali idan ɗaya ta lalace.

Idan yaro ya kamu da ciwo a hanya fa?

Abu uku ne suka fi faruwa: amai, gudawa, zazzaɓi. Mai amai a mota a zaunar da shi a tsakiya inda zai riƙa hango hanya, a karɓe waya daga hannunsa, kada a cika masa ciki da maiƙo kafin tashi, leda da tsumma kuma su zauna kusa. Gudawa daga ruwa take zuwa da abincin bakin hanya. Fura da nonon tasha, da yankakken kankana da ya sha ƙuda, a bar wa manya masu tsohon ciki. Guzurin gida ya fi: dambun nama, gurasa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai na ranar farko, dabino, lemo da ayaba. A riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc. Idan ya ƙare, ana haɗawa da lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zazzaɓi kuwa ba a yi masa canke. A nemi asibiti ko ɗakin shan magani a yi gwajin cizon sauro a ranar. Gidan sauro ya shiga jaka tun farko, domin ba kowane gidan baƙi ne ke da na baƙo ba. Idan da damina ne kuma akwai ɗan ƙasa da shekara biyar da ke karɓar maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, a daidaita tafiyar kada zagayen ya wuce shi.

Karatun Islamiyya da salla fa?

A gaya wa malaminsu tun da wuri, ya yanka musu abin da za su riƙa tilawa. Mota wuri ne mai kyau na muraja'a, ba inda za su gudu. Tafiyar kuma ita ce darasin ƙasaru a aikace: a mazhabar Malikiyya, idan nisan ya kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, ana mayar da azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu, sai idan an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, sai a cika. Yaron da ya yi ƙasaru bayan babansa a masallacin bakin hanya a Ningi ba sai an sake yi masa bayanin babin ba.

Sauka da yara a gidan 'yan'uwa ba ɗora wa mutane nauyi ba ne a wannan zamani?

Yana iya zama nauyi, kuma mai masaukin ba zai taɓa faɗa ba. Zai ce, “Haba Yaya, gidanka ne,” ya je ya ciyo bashi ya yanka kaji. Saboda haka kai ne za ka yi hankalin. A sanar da wuri, a faɗi ranar tafiya tun ranar zuwa, kwana biyu ko uku a gida ɗaya ya wadatar. A shiga da tsaraba mai amfani, shinkafa, mai, sabulu, ba alewa kaɗai ba, kuma kuɗin cefane a damƙa wa uwargidan ta hannun matarka, a ce na yara ne, don kada maigidan ya ji an raina shi. Idan gidan ƙarami ne, ku kwana a masauki, ku yini a can, a bar yaran su kwana da taubasansu idan suna so. Yawanci suna so, kuma ranar tafiya sai an ɓamɓare su.

Maigida yana cewa hutu za mu je, ni kuwa na san aikina ne zai ninku. Kuma mu biyu ne a gidan, da wa za a tafi?

Kina da gaskiya, Hajiya. Idan wanka, wanki, ciyarwa da rarrashi duk suna kanki, shi kuma yana zaure ana hira da shayi, to gidan kawai aka canja miki. A yi wannan magana kafin a tashi, ba a kan hanya ba. Shi ya ɗauki wankan maza da kai su masallaci da yawon yamma, ki samu awa biyu ki miƙe bayanki. Bayan kowace ranar tuƙi a saka ranar da ba a zuwa ko'ina, ta wanki da barci. Idan akwai ƙanwa ko 'yar riƙo da za ta taimaka, a lissafa ta cikin kujeru da kuɗin abinci tun farko.

Batun mata biyu kuwa, sunna ta riga ta yanke: ƙuri'a ake yi tsakanin mata idan za a yi tafiya. Gidaje da yawa suna mayar da shi karɓa-karɓa, bana wannan ɗaki, baɗi wancan, a faɗa a gaban kowa kuma a cika. Abin da ba shi da kyau shi ne a raba yaran bisa ɗakunan iyayensu mata. A raba su bisa shekaru: 'yan 7 zuwa 11 na ɗakunan biyu su tafi bana, ƙananan su jira zagaye na gaba. Wadda ta zauna a gida a bar mata cefanen kwanakin cikakke, a riƙa kiranta kullum ta ji muryar 'ya'yanta, tsarabarta kuma kada ta gaza ta wadda aka tafi da ita.